Rijiyar ƙauye ba ta biyan bashi

Tun bindiga ba ta yi shiru ba aka fara maganar sake gina Sudan. Ana ta lissafin gadojin da aka karya, da filin jirgin Hartum, da matatar mai ta Jaili, da tashoshin lantarki, kuma duk inda lissafin ya biya sai ya tsaya a kan tambaya ɗaya: wa zai ba da kuɗin, kuma rance zai bayar ko kyauta. Abin da ya dame ni bai cika shiga wannan lissafi ba sai a ƙarshen shafi, wato ruwan da mutumin ƙauye zai sha da masan da zai shiga. Ra'ayina a kai ɗaya ne, kuma na daɗe da shi. Rijiya da hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, da tanki da masai na jama'a a ƙauye, a gina su da kuɗin da ba za a nemi ƙauyen ya mayar ba. Mu kuma mutanen ƙauye mu ɗauki nauyin tafiyar da su da gyaransu, mu riƙe wannan nauyi da gaske. Duk wanda ya zo wa ƙauye da takardar rance don a haƙa rijiya, ko da niyyarsa ta fi madara fari, ƙishirwar ya ɗage mana zuwa baɗi.

Ga dalilina. Wanda bai taɓa zama a karkarar Sudan ba sai na kwatanta masa donki, domin shi ne zuciyar maganar. Donki tashar ruwa ce: rijiyar burtsatse mai zurfi, da injin dizal a ɗan ɗaki, da tankin ƙarfe a bisa dogayen ƙafafu, da kwamin shayar da dabbobi, da shinge mai ƙofa ɗaya inda magatakarda ke zaune yana karɓar kuɗi. Da bazara, kafin a kira assalatu, layin karo ya riga ya miƙe. Kowane karo jaki ne da barmil biyu da aka haɗe da walda, yaro na bisa yana gyangyaɗi. Mata na gefe da jarkoki, sun jera su a madadin kansu sun koma inuwa. Makiyaya sun tare garkensu daga nesa suna jiran a ba su lokaci. Kunnen kowa yana kan ƙarar injin, in ta sauya ko kaɗan sai ka ga kawuna sun juya wajen ɗakin.

Wanda ya ga wannan cinkoso zai ce ai nan kuɗi ke shigowa, me zai hana wurin ya biya bashinsa? Sai dai watanni kaɗan ne haka. Damina na sauka, tafkuna su cika, makiyaya su yi arewa zuwa Butana, mai karo ya koma gona, donki ya zauna shiru. Abin da aka tara a rani shi zai sayi dizal da baƙin mai, ya biya makaniki da mai gadi da magatakarda, ya kuma jira ranar da famfon da ke can ƙarƙashin ƙasa zai ƙone. Babu ɗaya daga cikin kayan nan da ake ƙerawa a ƙauyenmu. Famfo da bututu da kayan inji duk daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala, mu kuwa da fam muke sayar da ruwa ga mutanen da da fam suke sayar da dawa. A Fabrairun 2021, rana ɗaya aka tashi farashin dala na hukuma daga fam 55 zuwa kusan 375. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa, da dubbai ake lissafinta. Tashar da da ƙyar take sayen man da za ta sha, ta ina za ta fitar da kuɗin haƙa da na tanki, balle ribar banki?

Hanya ɗaya ce ta rage mata, a ƙara kuɗin barmil. To ni na ga abin da ke faruwa in an ƙara. Mai hali ya yi tsaki ya biya. Matar da mijinta ke aikin ƙodago a gonar wani ta ƙirga abin da ke ƙulle a bakin zanenta, ta sayi jarka ɗaya ta sha da girki maimakon uku, sauran ta aiki yara tafki ko gindin hafir, inda ruwan ya zama kore, shanu sun tattake bakinsa. Bayan kwana kaɗan sai a ga yaron a kwance yana gudawa. Banki ya karɓi kasonsa a kan lokaci, takarda ta nuna aikin ya yi nasara, alhali cikin yaron nan ne ya biya.

Mu mutanen Gadarif ba sai an karanta mana sharrin bashi daga littafi ba. Mun san shail, inda ɗan kasuwa ke ba manomi kuɗi a tsakiyar damina ya karɓi buhu da kaka a farashin da ya ga dama. Mun san salam na banki, inda shi ma banki ke biyan kuɗin amfanin gona tun kafin a girbe. Mun san manoman da ruwan sama ya yaudara shekara guda, cekin da suka sa wa hannu ya dawo, aka kulle su da hukuncin nan na a zauna har sai an biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban musa ba. Amma manomi in ya ci bashi yana sa ran riɗin da zai sayar. In ƙauye ya ci bashin rijiya, wa zai sa hannu a cekin? Shugaban kwamitin ruwa ne, ko mai gari, dattijon da bai mallaki komai ba sai gona da mutunci. Shi za a zo nema ranar da famfo ya ƙone, kuɗi suka daina shigowa.

Wani zai ce to ba ƙauye zai ci bashin ba, gwamnati ce za ta ranto daga waje ta yi aikin. Wannan da sauƙi, in rancen mai sassauci ne mai dogon wa'adi, kuma in gwamnatin ta sauko da shi ƙauye a matsayin tallafi, ba ta ɗora wa jiha ta ɗora wa mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ta ɗora wa barmil ba. Duk da haka a tuna yadda muka kwana da irin wannan. A ƙarshen 2020 bashin da ake bin Sudan a waje ya kai kusan dala biliyan 56, mafi yawansa wanda wa'adinsa ya wuce ne da tarar da ta hau kansa. A zamanin Bashir har majalisa ta sha amincewa da rance mai ƙari bisa hujjar larura, malamai na ta jayayya. Bashin ƙasa kuwa babu wanda yake tsallakewa. Ana biyansa da haraji, da tsadar burodi, da janye tallafin mai, da faɗuwar fam a hannun mai sayar da ƙosai. Kowa na biya, ba kowa ke sha ba.

Dubi garinmu. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadambaliya, kuma daga nan Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗin ƙasar nan. Kasuwar amfanin gonarta sananniya ce har waje. Amma ƙasarta baƙin laka ce a bisa dutse, ruwan ƙarƙashinta kaɗan ne, garin ya rayu da abin da ake turowa daga tashar Shuwak da rijiyoyin Abu Naja, sauran kuma karo da tanka. An gina madatsar Atbara ta sama da Sitit da rancen asusun ƙasashen Larabawa, aka buɗe ta a 2017, tana ba da lantarki. Bututun da aka ce zai kawo ruwanta Gadarif, wanda ake kira maganin dindindin, shekara da shekaru aka yi ana ɗaga ranar gama shi. In babban birnin jiha ya sha wannan jira, ƙauyen da ke bayan laka, wanda mota ba ta isa gare shi daga Yuli zuwa Oktoba, sai yaushe? Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Alkawari kuwa mun sha shi. An yi yaƙi da ƙishirwa a shekarun 1960 zuwa farkon mulkin Numairi, aka haƙa donki da yawa a Kurdufan da Darfur. A 2016 aka zo da shirin Ziro Atash, aka ce zuwa 2020 babu sauran mai ƙishi a Sudan. An haƙa hafirai, an gina ƙananan madatsu, ba zan ce ba a yi komai ba. Abin da ba a taɓa ware wa kuɗi yadda ya kamata ba shi ne shekara ta biyar bayan yanka zare, lokacin da laka ta cike rabin hafir, shingen waya ya faɗi, matatar yashi ta toshe.

A nan ne masu goyon bayan rance suke da hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba na raina ta, domin daga bakin kawuna na fara jin ta, mutumin da ya tsufa a kwamitin ruwan ƙauyenmu. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, na gama zuba masa irin wannan bayani, sai ya ce: «Ɗana, ka gama? Je ka ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da ƙungiyoyi suka kafa mana daga nan zuwa bakin kogin Rahad, ka dawo ka faɗa mini nawa ke ba da ruwa. Abin da mutum bai ji zafin kuɗinsa ba, ba ya kwana a kansa.» Na ce: «Kawu, gaskiya ne. Amma kuɗin da kuka tara a donki shekarun nan, ina suke kwana?» Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: «Can sama.»

Amsar tana cikin wannan kalma tasa. Famfunan sun mutu, babu musu, amma ba kyautar ce ta kashe su ba. Wani roba ce kawai ta cinye a cikinsa, wadda kuɗinta bai kai na tunkiya ba, sai dai babu mai sayar da ita sai a birni, kuma babu wanda aka ce shi ne mai alhakin sayowa. Donki kuwa, tun da aka raba ƙasar jihohi 26 a 1994 aka miƙa ruwan sha ga hukumomin jihohi, riƙonsa ke yawo daga hannu zuwa hannu: yau hukumar ruwa, gobe mahaliyya, jibi kwamitin gari, wani lokaci a ba ɗan kasuwa haya. A wurare da yawa kuɗin da aka karɓa a ƙofar shinge sukan tafi birni su shiga biyan albashi, in inji ya tsaya sai a rubuta takarda a jira. Mutanen sun biya kuɗin kowane barmil, sun ji zafinsa sarai, abin da ba su da shi shi ne iko a kan kuɗin. Ƙara musu bashi a kan haka ba zai sa su zama masu rijiya ba.

Abin da zai sa su zama masu ita sananne ne. Kuɗin barmil su zauna a asusun tashar, da sa hannun mutum biyu ko uku na garin, a ware wani kaso da ba a taɓawa sai ranar babban gyara. Hukumar jiha ta riƙe abin da ƙauye ba zai iya ba: injiniya, da motar ɗaga famfo, da ɗakin gwajin ruwa, da rumbun kayan gyara a kowace mahaliyya, ta karɓi kasonta a fili a kan wannan aiki. Gudummawar gari wajen gini kuwa a karɓe ta da ƙarfi da gumi. Mun iya gayya, maƙwabtanmu na kiranta nafir, kuma mutanen da ke haɗuwa su nome gonar marar lafiya cikin yini ɗaya ba za su gaza haƙa ramin bututu ko kafa shinge ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, na yarda, amma a nemi abin da ke cikin namu.

Akwai inda rance ya dace, kuma zan faɗe shi don kada a ce gaba nake da banki. Donkin da ke aiki, mai ciniki, in ya karɓi faifan hasken rana ta hanyar murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa bashi da ribar da aka sani, ya ajiye injin dizal, kuɗin man da ya huta saye su za su biya, ba tare da an taɓa farashin jarka ba. Wannan bashi ne mai ƙafafun tafiya da kansa, muddin an haɗa da katanga da mai gadi, domin yaƙin nan ya nuna mana yadda faifan ke saurin bin dare. Haka unguwar birni mai famfo a kowane gida, inda ake karɓar kuɗin wata, kamar yadda aka haɗa na Hartum da sayen lantarki. Can akwai abin da za a biya da shi. Kuskuren shi ne a ɗauko ma'aunin birni a auna ƙauye da shi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ya sa nake rubuta wannan da Hausa. Ko an ce kyauta ce, wa za ta isa gare shi? Kowane tallafi yana zuwa da takardar cikewa. Ana tambayar sunan ƙauye a rajistar mahaliyya, da shaidar filin da za a haƙa rijiyar, da wasiƙar shugaban gargajiya da gwamnati ta sani. Ƙauyen da ke da waɗannan, da ɗansa a ofis a birni, shi ke gaba. To dubban mutanenmu ba su zaune a irin wannan ƙauye. Suna kanabi, wato jam'in kambo.

Kambo zango ne na ma'aikatan gona a Jazira da Rahad da Halfa, 'yan ɗakunan laka da ciyawa a gefen magudanar ban ruwa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin Jazira, hannun da ya tsinci audugar da ta riƙe baitulmalin Sudan shekaru da dama, da yawansa na mutanen Darfur ne da Hausawa da Fulani da Barebari. Kakanninmu wasu sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nil Azrak. Wasu hanyar hajji ce ta ajiye su. An haifi uba a kambo, an haifi ɗa, an haifi jika, amma a takarda wurin filin aikin gona ne, ba mazauni ba. Abin da ba mazauni ba kuwa ba a ja masa bututu, ba a gina masa tanki.

Na kwana a irin wannan wuri wajen 'yan'uwa, a Jazira. Tankin ƙauyen maƙwabta ana hango shi daga ƙofar ɗaki, fari fat a sama. Gwaggota kuwa daga magudanar take ɗiba, a daidai inda awaki ke sauka. Ta juye a randa, ta daka 'ya'yan zogale ta ƙulle a tsumma ta kaɗa a ciki, ta rufe, ta ce a ba shi lokaci ya kwanta. Ya kwanta kuwa, ya yi garau a ido. Amma zogale laka yake kwantarwa, ba ya fitar da maganin feshin da aka wanke daga gona, kuma ba ya hana tsargiya kama yaran da ke wanka a ruwan da katantanwarta ke ciki. Da na ce mata ko a tafasa, sai ta ce: «Ɗan nan, da wane icen? Na tuwo ma da dabara.» Wannan mata tana biyan bashin ƙasa kamar kowa, duk lokacin da ta sayi sukari ko sabulu.

Saboda haka sharaɗin farko da nake so a rubuta a kan kowane tallafin ruwa, na gwamnati ko na waje, shi ne a bi kawunan mutane, a bar bin takardar fili. Rikicin mallakar ƙasa na iya ɗaukar shekara ashirin a kotu da majalisar sarakuna, a ci gaba da shi, amma kafa tanki ba ya ba kowa fili, ba ya kuma ƙwace na kowa. Ana iya rubuta haka ɓaro-ɓaro a yarjejeniyar don hankalin masu gonaki ya kwanta. Kuma a ƙirga mutanen yau. Rabon Sudan da ƙidaya tun 2008. Bayan rikicin Nil Azrak na 2022 Hausawa da yawa sun bar Rusairis da Wad al-Mahi suka bazu a Sinnar da Jazira da Nil Abyad. Sai yaƙi ya zo ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, da Sinja a tsakiyar 2024, ƙauyukan Gadarif sun cika maƙil. Donkin da aka auna wa gari ɗaya yau gari biyu ke sha, ga dabbobin makiyayan da hanyarsu ta toshe. Wanda ya raba tallafi da lissafin 2008 ya raba wa ƙasar da babu ita.

Sai masai, wanda ba a son ambata a taro. Binciken da aka yi a gidaje a 2014 tare da UNICEF ya nuna kusan kashi 68 cikin ɗari na mutanen Sudan ne ke samun ruwa daga tushe mai kyau, amma masu ingantaccen bayan gida ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan kafin yaƙi ke nan. Mutanen ofis sukan ce rashin wayewa ne, a yi ta wa'azi har kowa ya haƙa nasa. Wa'azi na da amfani, amma su zo su haƙa rami a baƙin lakar Gadarif su gani. Da rani tana tsagewa har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kumbura ta rufta. Ramin da ba a ɗaure shi da bulo ko zoben siminti ba, damina ɗaya ce ajalinsa, kuma in ya rufta abin da ke ciki ya bi ruwa zuwa tafkin da ake sha. Mutumin da masansa ya taɓa ruftawa da shi ko da ɗansa, in ya koma daji ba jahilci ne ya kai shi ba. A garuruwa kuma masu hali na haƙa rijiyar saifon, wato ramin zubar ƙazantar masai, har sai ta taɓo ruwan ƙasa, ƙazanta ta sauka inda rijiyar unguwa ke ja.

Masai ba ya kawo ko sisi. Babu magatakarda a ƙofarsa. In rijiya da ke da ɗan ciniki ba ta iya biyan bashi, masai kuwa ko a mafarki. Ribarsa ita ce cutar da ba ta zo ba, kuma wannan riba ta kowa ce, har da mai gidan bene, domin kwalara ba ta tambayar unguwa. Mun gan ta daga 2016, lokacin da hukuma ta ƙi kiran sunanta tana cewa gudawa ce mai ruwa-ruwa. Ta dawo Gadarif a Satumbar 2023, aka sake shelanta ta a Agustan 2024 daga Kassala, ta bazu a jihohi. Kuɗin da ake kashewa a tantin masu amai da gudawa, da ledar ƙarin ruwa, da jigilar sinadarin kulorin cikin gaggawa, da an sa rabinsu a siminti da rodi tun da wuri da an rage makoki. A ba kowane gida marar hali murfin siminti da zoben ɗaure rami, shi ya yi haƙa da gini. A gina na kasuwa da na makaranta da na tsangaya da kuɗin gwamnati. Tsangayar da ke da almajiri ɗari ba ta da masai ko ɗaya, mu Hausawa mun san tana nan, kuma wannan kunyar tamu ce kafin ta zama ta hukuma.

Za a ce gwamnatin da ke yaƙi, baitulmalinta wayam, ina ta ga kuɗin kyauta? Tambaya ce ta gaskiya. Sai dai Sudan na cikin manyan masu haƙo zinariya a Afirka, kuma Diwanin Zakka na karɓar buhunan dawa da riɗi a bakin gonakinmu kowace kaka. Malamai sun yi saɓani a kan gina rijiya da zakka, a bar musu wannan, amma babu saɓani a kan sadaka da wakafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, gugansa kamar gugan kowa. 'Yan'uwanmu da ke Makka da Jidda da Riyad ba su gaza ba wajen aiko kuɗin rijiya don iyayensu da suka rasu, Allah Ya karɓa. Roƙona gare su shi ne, kafin a haƙa sabuwa a kafa allo, a tambaya ko akwai tsohuwar da famfo kawai take jira. Shago guda a kasuwa da aka yi wakafinsa don gyaran donki zai shayar da mutane fiye da rijiya uku da za su mutu a shekara ta huɗu.

Na waje ma an ga suna iyawa. Japan ta gyara ruwan Kassala ta gina matatar Kosti da tallafi, ba rance ba. A Maris na 2021 aka biya bashin da wa'adinsa ya wuce wanda Bankin Duniya ke bin Sudan, aka buɗe mata ƙofar tallafin kusan dala biliyan 2, a Yuni kuma ta shiga shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi. Juyin mulkin 25 ga Oktoba na 2021 ya sa aka dakatar da komai. Na fahimci dalilinsu. Amma matar kambo ba ta yi juyin mulki ba, kuma ita aka fara yankewa. In za a dawo, a ware kuɗin ruwa da masai a hanyar da rigimar Hartum ba za ta rufe ta ba, ya sauka kai tsaye ga aikin. Kuma a sa na gyara a ciki tun farko. Madatsar Arba'at da ta ɓalle a Agustan 2024 ta tafi da ƙauyuka ta bar Bur Sudan cikin ƙishi, ta daɗe laka na taruwa a cikinta.

Sauran aikin a hannunmu yake, tun kafin kuɗin su iso. Kowace tasha a kafa mata allo a bakin shinge da Larabci da harshen mutanen wurin: nawa aka kashe, wa ya bayar, kyauta ce ko rance, in rance ne wa zai biya kuma cikin shekara nawa. Kwamitin ruwa ya karanta shiga da fita a bainar jama'a bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata. A sa mata a kwamitin, a ba ɗaya daga cikinsu sa hannun asusu, tunda su suka san nawa jarka take jiya da yau. A sa wakilin makiyaya da na waɗanda yaƙi ya kawo. Ranar da jami'i ko ɗan kwangila ya zo da takarda yana gaggawa, yana cewa dama ce za ta wuce, kada mai gari ya sa hannu a ɗaki. A fito da ita ƙofar masallaci, a sami ɗan makaranta ya karanta ta layi-layi ya fassara, a nemo inda aka rubuta abin da zai faru in an kasa biya, da sunan wanda za a kama.